Hoto Uku ga Kowane Sa: Tunawa da Iro Mai Hoto

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Iro Mai Hoto. Ya rasu a farkon damina, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba, muka kai shi makwancinsa a Batsari ƙasa tana da danshi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana na ga ya kamata in rubuta, domin abin da ya koya mini ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma masu bukatarsa sun fi na da yawa.

Zan bi abin daki-daki, don ni ba na son magana a hargitse. Zan fara da ko wane ne shi, sannan yadda yake aikinsa, sannan abin da ya same ni bayan ba ransa.

Iro taubashina ne. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, don haka ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace. Tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuwa bai taɓa amsawa ba. Da na kama aikin kai takardu daga ofis zuwa ofis sai ya laƙaba mini Masinja, kuma har na yi ritaya na koma gona bai daina ba. Ni da shi ba mu yi nisa a boko ba. Ni na gama firamare, shi ko gamawa bai yi ba. Ya tafi Katsina ya zauna wurin wani mai hoto, ya dawo da kyamara mai fim a rataye a wuya, ya kafa benci a gefen kasuwa, ya rataya labule mai zanen bene. Biki, suna, hoton fasfo, duk shi ne. Yakan tara fim ya hau mota ya kai Katsina a wanko. Da zamani ya juya ya sami kyamarar da ba ta bukatar fim, da ƙaramar na'urar da ke fitar da hoto nan take, amma halinsa na aiki bai sauya ba. Ba ya gaggawa, kuma ba ya ba mutum hoton da shi kansa bai gamsu da shi ba.

Da satar shanu ta fara tsananta a ƙasarmu, wani lokaci akan ƙwato wasu a kawo su bakin gari a ɗaure, a yi shela masu su su zo su duba. A nan ake yin ta. Sa ɗaya, mutum uku, kowa yana rantsuwa. Ba kuma lalle ne a ce akwai maƙaryaci a cikinsu ba. Fararen shanunmu suna kama da juna, sannan dabbar da ta yi watanni a daji takan rame ta sauya kamanni. Iro ya je kallo sau ɗaya, ya ga dattawa biyu da suka yi shekaru suna salla a sahu ɗaya sun kusa cin kwalar juna a kan saniya. Ya dawo ya zauna a bencinsa. Can ya ce mini, “Masinja, mutanen nan fuskarsu suke kawo mini in ɗauka, alhali ba wanda ke gardamar fuskar tasu ce. Abin da ake gardama a kansa yana turke.”

Daga wannan mako ya fara hawa babur yana shiga ƙauyuka. Ya je Darini, ya zagaya ta Safana, har Tsaskiya ya sha zuwa a kan hanyar da in an yi ruwa sai an turo babur. Yana bin gida-gida yana ɗaukar hoton shanun noma. Aka yi ta yi masa dariya, ana cewa Iro ya rasa amare ya koma shanu. Shi kuwa sai ya ce sa ya fi amarya sauƙin aiki, don bai taɓa cewa a sake ba, hancinsa ya fito da girma.

Yanzu ga yadda yake yi. Na zauna kusa da shi shekaru ina kallo, kuma ni mutum ne mai riƙe tsari. Duk wanda ke da waya mai kyamara yau zai iya bin wannan, ko da bai taɓa ɗaukar hoton kirki ba.

Abu na farko, kafin ya ɗaga kyamara sai ya goge idonta da tsumma mai laushi da yake ajewa cikin hularsa. Yau waya takan wuni a aljihu tare da goro da gumi, a zaro ta a danna, hoto ya fito kamar an ɗauka ta cikin hayaƙi, mai ita ya ce wayar ce ba ta da kyau. A goge tukuna.

Na biyu, rana. Ba ya aiki da tsakar rana, ko da an roƙe shi. Ya ce hasken tsaka yakan ƙone farin sa a hoto, ya zama kamar an shimfiɗa alawayyo, ba tabo ba layi, ƙarƙashin cikinsa kuma ya yi baƙi ƙirin. Da hantsi yake yi, ko bayan la'asar, kuma rana tana bayansa ko gefen kafaɗarsa, ba ta fuskantar kyamara. In farin sa ne kuma rana ta riga ta yi ƙarfi, sai ya sa a ja shi inuwar da ba ta da ratsin haske. In baƙi ne ko ja, a fito da shi fili. Inuwar bishiya mai ɓaraka ba ya yarda da ita sam, don takan zana wa dabba tabon da ba nata ba.

Na uku, ya dubi abin da ke baya kafin ya dubi abin da ke gaba. Farin sa a gaban farin bango ɓata lokaci ne. Wasu shanu a baya kuma sukan haɗa ƙafafu, ka ga sa mai ƙafa shida. Yakan nemi katangar ƙasa ko danga, ya sa a kau da kwando da turmi da duk wani tarkace. Sannan ya matsa da ƙafarsa har dabbar ta cika hoton, daga ƙaho zuwa kofato, daga hanci zuwa wutsiya, ba a yanke komai ba. Wannan jawo hoto da yatsa biyu da ake yi a waya, da yana nan da ya hana, don yana dagula hoto. Ƙafa ce ke kusantowa. Kuma yakan rusuna ya daidaita kyamara da tsakiyar jikin dabbar. In ka ɗauka daga sama, kai ya yi ƙato, ƙafafu su zama na akuya.

In zai danna, sai ya manne gwiwar hannunsa a haƙarƙari, ya riƙe numfashi, ya danna a hankali kamar mai taɓa ƙwai. Ya sake dannawa sau biyu ko uku, don dabba takan kaɗa kunne ko ta juya kai.

Amma babbar ƙa'idarsa, wadda ba ya sassautawa ga kowa, ita ce hoto uku ga kowane sa. Ɗaya ta gaba, a ga fuska da yadda ƙahoni suka tashi. Ɗaya ta dama. Ɗaya ta hagu. In ya wanke sai ya juya bayan kowanne ya rubuta “dama” ko “hagu” da sunan mai shi, da irin rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. Mutane sukan nuna masa shaidar wuta da suka yi wa dabbarsu, su ce nan kaɗai za a ɗauka. Sai ya ce zai ɗauka, amma kada a dogara da ita. Abin da mutum ya sa da ƙarfe, wani mutum zai iya sauyawa da ƙarfe. A nemi abin da Allah ya sa: ɗigon baƙi, murɗewar gashi, karkatar ƙaho, launin bakin wutsiya.

A nan mutanenmu suke yin kuskuren da sai mu. A wurinmu sa abin alfahari ne, don haka in an ce za a ɗauki hotonsa, maigida yakan shiga ɗaki ya saka babbar riga, ya kafa hula, ya zo ya tsaya a jikin san ya dafa tozo. Babbar riga kuwa in an baza ta takan rufe rabin sa. A wanke hoto, maigida ya fito tsaf, abin da ake son a shaida yana bayan shadda.

Ni ma na yi wannan kuskuren, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ina da shanun huɗa biyu, farare, na sa musu Sarki da Waziri. Shekara guda kafin rasuwar Iro ya zo gidana da hantsi don ya ɗauke su. Na shiga na fito da rigar da nake zuwa Idi da ita. Na tsaya a gefen Waziri na hagu, na dafa tozonsa, na gyara tsayuwa. Iro ya dube ni ta saman kyamara, ya danna sau ɗaya don ya rabu da ni, sannan ya ce, “To, Masinja, an ga riga. Matsa, ba kai ake sacewa ba.”

Na ce, “Kai bawa, a gidana za ka kore ni daga jikin dabbata?”

Ya ce, “Wa zai sace ka? Ya kai ka ina, ya ciyar da kai da mi? Ko a kara aka kai ka dillali ba zai taya ba. Matsa, rana na tafiya.”

Na matsa ina ƙunƙuni. Ya ɗauki dama, ya zagaya ya ɗauki hagu. Kwana biyu ya kawo mini su cikin ambulan. Na ciro mai rigar na kafa a bango, sauran na jefa cikin akwatin takarduna ban ko duba su da kyau ba.

Wannan maganar tasa ta “ba kai ake sacewa ba” ta zama abin dariya a kasuwa, har dillalai suka ɗauke ta. Ban daɗe da binne shi ba ta daina ba kowa dariya, domin lokaci ya zo da mutum ake ɗauka a bar sa. Sau da yawa nakan tambayi kaina abin da Iro zai ce da ya ga wannan zamani. Na san dai ba zai tsaya jimami ba. Zai ce a yi wa kowane mutum na gida hoto irin na shanu, a fili, fuska a sake, ba kwalliya. Na ga gidan da aka nemi hoton wanda ya ɓata, aka zaro waya, hoton da ke ciki waya ta riga ta goge masa tsagen fuska, ta haskaka shi, ta rage masa hanci, har mahaifiyarsa sai da ta ƙura ido. Wannan hoto ba ya nemo kowa. Ku kashe wannan kwalliyar da waya ke yi. Ku sani kuma kyamarar gaba, wadda mutum ke ɗaukar kansa da ita, a wayoyi da yawa takan juya dama ta koma hagu. In hoton shaida kuke so, ku ba wani ya ɗauka da ta baya. Sannan ku wanke shi a takarda, ku aje ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari, don wanda ya kora shanu ba ya barin waya.

Akwai kuma abin da na tabbata zai ƙi. Wannan ɗaukar hoton gawa da na masu rauni da ake yi ana turawa daga waya zuwa waya. Iro ya yi shekara da shekaru da kyamara a wuya, bai taɓa ɗaga ta a kan wanda ba zai iya cewa a'a ba.

Yanzu na zo kan abin da ya same ni.

Shekara ta biyu bayan rasuwarsa, da kaka, Sarki ya taka ƙaya kofatonsa ya kumbura, na bar shi a turke. Waziri ya bi garken unguwa kiwo. Da hantsi aka tare garken a bakin daji aka kora shi duka. Makiyayin ya tsira da ransa, mun gode Allah. Na zauna da sa ɗaya. Wanda ba manomi ba ne ba zai gane ba: sa ɗaya a gidan mai garma kamar takalmi ƙafa ɗaya ne. Karkiya wuya biyu take nema. A lokacin gonakinmu na nesa duk mun bar su, ba mai iya zuwa. Gonar bakin gari kaɗai ta rage mini, ita ce abincin gidana na shekara, kuma ƙarfin sayen wani sa babu shi. Ni ba yaro ba ne da zan ce zan huɗe ta da hannu. In damina ta sauka ban haɗa karkiya ba, na san abin da ke jiran iyalina.

Rani ya wuce, bazara ta shigo, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Sai aka yi shela an ƙwato wasu shanu, suna ɗaure a fili bayan kara, kasuwar dabbobi. Na buɗe akwati na ɗauko ambulan, na ciro hoton bango na haɗa, na tafi.

Ina shiga filin na hango shi. Fari, baƙin hanci, baƙin bakin kunne, ƙahoni sun tashi sun ɗan rusuna ciki. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, jikinsa duk busasshen taɓo da kashin shanu. A cinyarsa ta dama, inda nake da shaidata, an bi da wuta an ƙona wuri mai faɗin tafin hannu biyu, ba a gane komai. Zuciyata ta ce Waziri ne. Na nufe shi, sai na tarar da wani mutum riƙe da igiyarsa, dattijo siriri da rigar da ta sha jiki. Sunansa Malam Sada, mutumin Darini, wanda tashin hankali ya koro shi ya zo ya raɓa a Batsari wurin 'yan'uwa. An kore masa shanu huɗu rana ɗaya, bai tsira da ko ɗaya ba.

Aka kira dattijon da ke jagorantar rabon, wani tsohon dillali da kowa ke ganin girmansa. Ya tambayi Malam Sada shaidarsa. Ya ce, “Baba, ni ban da takarda, ban da hoto. Ni dai na san abina. A hannuna aka haihe shi.” Aka tambaye ni. Na zaro hoton mai riga na miƙa. Dattijon ya duba hoto, ya duba sa, ya sake duba hoto. Fuska ɗaya, ƙaho ɗaya, kunne ɗaya. Aka miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya gyaɗa kai. Dattijon ya ce, “Gani ya kori ji. Malam Sada, sai haƙuri. Ba shi igiya.”

Malam Sada bai yi gardama ba. Ya dubi san, ya shafa wuyansa, ya miƙo mini igiyar da hannu biyu, ya ce, “Allah shi sa albarka. Ka riƙa jiƙa mashi dusa, ba ya son ta busassa.”

Igiya tana hannuna, ambulan yana aljihuna, da sauran hoton Waziri biyu a ciki waɗanda ba wanda ya san da su. Na san Waziri yana da baƙin tabo kamar girman tafin hannu a ƙasan kwiɓinsa. Tun da na shigo filin nake gaya wa kaina a dama yake, wutar ɓarayi ce ta cinye shi. Har na fara ganinsa a dama a cikin raina. So yakan hana ganin laifi, bukata kuma takan matsar da tabo daga wannan gefe zuwa wancan. Da na juya na tafi, ba mai tare ni. Dattijo ya yanke, jama'a sun shaida, hadari yana gabas.

Abin da ya tsayar da ni ba wani abu ba ne illa tsari. Na yi shekaru ina kai fayil, kuma ban taɓa miƙa fayil da na san an cire takarda a ciki ba. Hoton Waziri uku Iro ya ba ni, ɗaya na nuna. Na ce wa dattijon, “Baba, a dakata. Shaidar ba ta cika ba.”

Na ciro na biyu. A bayansa an rubuta “dama”. Kwiɓi fari fat, ba tabo, sai shaidata ta wuta a cinya. Na ciro na uku, “hagu”, da rubutun kazar nan na Iro. Ga tabon nan baƙi, a fili, hasken hantsi ya fito da shi har ana ganin gefensa mai kama da ganyen kuka. Daidai wurin da rigata ta rufe a hoton farko. Na roƙi ruwa a buta, na zagaya hagun san, na jiƙa taɓon da ya bushe a kwiɓinsa na kankare da hannuna. Na wanke har fata ta fito. Fari ne tas. Ba ƙuna, ba tabo, ba alamar an taɓa wurin.

Kama da wane ba ta wane. Na mayar wa Malam Sada igiyarsa. Wani daga baya ya ce, “Kai, Masinja, wa ya aike ka?” Dattijon ya karɓi hotunan uku ya jera su a tafinsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Aikin Iro ne wannan. Allah ya jiƙan Iro.” Jama'a suka amsa da amin.

Ba zan yi ƙarya in ce na koma gida da farin ciki ba. Na koma da ambulan da hannu mai warin kashin shanu. Mai ɗakina ta dube ni ta dubi bayana, ba ta ga sa ba, ta kawo mini ruwa. Kwana uku ina lissafin yadda zan yi da gonar nan ban ga mafita ba. Waziri kuwa har yau ban sake sa shi a ido ba.

Rana ta huɗu aka yi ruwan shuka. Washegari da sassafe na ji sallama a ƙofar gida. Na fito na ga Malam Sada riƙe da igiya. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa, muka yi barka da ruwa. Sannan ya ce, “Malam, ni ina da sa ban da gona, Darini ba ta shiguwa bana. An ce kai kana da gona da garma da sa guda. To mi muke jira, sai ƙasa ta bushe?”

Ba a yi abin cikin sauƙi ba. Sarki ya ƙoshi, baƙon ramamme ne, ga shi ba su saba da juna ba. Sai da muka yi mako muna ba shi harawa da jiƙaƙƙiyar dusa kafin ya iya jan kirki. Ranar farko da muka ɗaura musu karkiya, ɗaya ya ja gabas ɗaya ya ja arewa, kunyoyin suka fito kamar tafiyar maciji. Ni mai son layi ya miƙe, na tsaya ina faɗa. Malam Sada ya ce, “Haba Malam, gero bai san karkatacciyar kunya ba.” Muka huɗe gonar a makare, amma muka huɗe ta. Na yanka masa gefe ya shuka nasa. Amfanin bai kai na shekarun lafiya ba, sai dai gidana da nasa ba wanda ya kwana da yunwa a wannan shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wuya ɗaya ma ba ya ɗaukar karkiya.

Damina uku muka yi haka kafin hanya ta ɗan lafa ya koma Darini. Kafin ya tafi na ari waya, na goge idonta da bakin hulata, na jira hantsi, na sa aka ja sansa gaban katanga. Sai ga Malam Sada ya fito daga zaure yana gyara babbar rigar aro, ya nufi tozo zai dafa. Na buɗe baki zan faɗi maganar Iro, sai na tuna zamanin da muke ciki, na haɗiye ta. Na ce masa ya tsaya gefe tukuna, in na gama da san zan yi masa nasa shi kaɗai, gaba da dama da hagu. Haka aka yi. Na kai aka wanke shida, na juya bayansu na rubuta.

In na auna abin da ya rage na Iro, na ga kayan aikinsa ba su daɗe ba. Kyamarar ta lalace, labulen mai bene ya zama shimfiɗar shanya kuɓewa, inda bencinsa yake yanzu masu cajin waya ne. Hotunan bikin da ya ɗauka da yawa sun dushe, wasu sun ƙone tare da gidajen da aka rataye su. Amma har yau in ka shiga kara ranar kasuwa za ka ga mutum ya sayi sa, kafin ya ja shi gida ya juya wa rana baya, ya rusuna, ya zagaya dabbar sau uku da waya. Da yawansu ba su san wanda ya fara ba. Ba komai. Shi ma bai taɓa rubuta sunansa a bayan hoto ba, sai na mai dabba.

Ni kuwa abin da ya bar mini ya fi ƙa'idar haske da inuwa. Na je filin nan da niyyar hotonsa ya ƙwato mini sa, sai ya ƙwace ni daga cin haƙƙin wani. Da hoto ɗaya ya yi mini, irin wanda nake so, da na ja dabbar marar gata zuwa gidana da zuciya ɗaya, ina ganin gaskiyata ce, in ci tuwonta shekara da shekaru. Ya kore ni daga jikin Waziri ranar nan ina fushi, ashe gyara mini lahira yake yi.

Na sauke hoton mai riga daga bango tuntuni. Na hagun ne a wurin yanzu: farin sa ba kowa a gefensa, da baƙin tabo a kwiɓi. Baƙi sukan tambaya me ya sa na rataye hoton dabbar da ba ta dawo ba. Nakan ce musu aikin taubashina ne, kuma shi ne hoto mafi gaskiya da aka taɓa yi a gidan nan. Na yi shekara hamsin ina kiransa bawana yana ƙi. Yau na janye. Allah ya jiƙan Iro, ya haskaka kabarinsa, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.